Akwatin da Na Ce Ba Na So

Sai da na yi wata uku a New York kafin na daina jin kunyar faɗin abin da ya kawo ni. In an fito daga sallar Juma'a ana gaisawa, wannan ya ce likitanci yake karantawa, wancan ya ce kwamfuta, in aka zo kaina sai in yi gyaran murya in ce, "Tarihi." Daga nan sai in shiga addu'a a zuci kada wani ya ce tarihin me. Domin amsar ita ce tarihin katin cingam.

Katunan nan nake nufi masu hoton 'yan wasa, waɗanda ake sakawa cikin ledar cingam. Muna yara a Gusau mun tara su, mun yi musaya, mun yi dambe a kansu. Mahaifina yana da 'yar maɗaba'a a bayan kasuwa, inda yake buga katin biki da kalanda. Saboda haka in sauran yara suna kallon fuskar ɗan ƙwallo, ni ina can ina duban inda jan launi ya zarce layi ya hau kan shuɗi. Da na sami gurbin digiri na biyu a fannin tarihin ɗab'i, sai na zaɓi in binciko yadda ake ƙera tsofaffin katunan: da wane kwali, da wane inji, kuma su wa ke tsaye a bakin injin.

Masaukina na farko, kuma shi ne na ƙarshe, yana University Heights a Bronx, hawa na huɗu. Mai ɗakin sunansa Alasan, Bahaushen Zangon Kumasi, ya girme ni da kusan shekara goma. A asibiti yake aiki, yana tura marasa lafiya a keke daga wannan sashe zuwa wancan. Wani limami ne ya haɗa mu. Ranar da na iso da jakata, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To Furofesa, ga gado, ga firij. Abin da ka gani ka ci, ban da yajin kwalbar nan, zai kashe ka." Ni kuma na riƙa ce masa Yaya. Shi ya koya mini hawan jirgin ƙasa, shi ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu, wadda hannunta ke wuce yatsuna. Na faɗi wannan tun da wuri domin a san ba abin da mutumin nan ya yi mini sai alheri.

Cutar farko da aka yi mini, a wata kasuwar masu tara kati aka yi ta, cikin zauren wani otal a Manhattan. Wani mutum mai fara'a ya ja ni gefe, ya zaro wani falle daga jaka, ya ce gwajin launi ne da ya fito daga wata tsohuwar masana'antar kati, ba kowa yake nuna wa ba. Nan take na saya. Washegari na kai shi babban laburare, sashen tsofaffin takardu, na ajiye gaban matar da ke kula da wurin, Misis Rut, ina jiran ta yaba. Ta miƙo mini ɗan gilashin ƙara girma. Ina ɗora ido na gane. Tsohon bugu ɗigo-ɗigo yake fitowa a jere, kamar an shuka gero a layi. Wannan kuwa feshi ne irin na injin ofis, an jiƙa takardar da ruwan shayi don ta yi kamar ta tsufa. Ni ɗan mai maɗaba'a aka yi wa haka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Ka riƙe gilashin," in ji ta. "Kowa a ɗakin nan an taɓa yi masa. Bambancin kawai wasu ba su sani ba har yanzu."

Ita ta nuna mini hanya. Ta fito mini da tsofaffin mujallun masu sana'ar ɗab'i, da kundin adireshin birni inda ake gane wace masana'anta ce a wane titi, da takardun rajistar ƙirƙirar injina, da taswirorin kamfanonin inshorar gobara masu nuna har inda tukunyar wuta take a cikin gini. Na shafe hunturu ina murza na'urar karanta tsofaffin jaridu har idona ya riƙa ganin baƙi-baƙi. Duk ranar Lahadi Baba zai kira ya tambaye ni, "Ka ga injinan nasu kuwa?" Sai in ce saura kaɗan. In na kashe wayar sai in zauna bakin gado ina jin kewar ƙarar injinsa, wadda da nake gida nake toshe kunne saboda ita.

Da na kai wa malamar da ke duba aikina abin da na rubuta, ta karanta ta cire tabarau. Ta ce duk wannan an riga an rubuta shi. Abin da ba a da shi shi ne muryar ma'aikatan da takardun cikin masana'anta. Ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in ban kawo sabuwar hujja kafin ƙarshen bazara ba, kwamiti ba zai sabunta mini tallafi ba. Ba tallafi, ba karatu, ba izinin zama. Sai dai in koma Gusau da rigar sanyin aro.

Misis Rut ce ta sake cetona. Ta ce akwai wani tsoho a St. George, tsibirin Staten, mai suna Mista Dominik, wanda ya yi fiye da shekara talatin a masana'antar kati, daga bakin wuƙar yanka har ya zama mai haɗa tawada. Ta kira shi, ya ce in zo.

Jirgin fito na hau, wanda suke ce wa feri, ruwa na ta bugun gefensa, ni kuwa da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba na ƙanƙame ƙarfe. Zuwan farko bai yi daɗi ba. Tsohon kunnensa ya yi nauyi, Turancina kuma ya ƙi shiga. In na yi tambaya sai ya ce, "Me?" In na maimaita sai ya ce, "Ƙwarai kuwa," ya miƙo mini biskit. Na dawo gida kamar in yi kuka. Alasan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Chale, mutumina, tsofaffi aikina ne. Ranar Asabar ina off, mu je tare. Kai ka yi Turancin littafi, ni in juya masa zuwa na titi."

Haka aka yi. Ni in yi tambaya da Turanci, Alasan ya maimaita ta da Turanci, da ƙarfi, yana dafa gwiwar tsohon. Nan take bakin Mista Dominik ya buɗe. Ya ba mu labarin yadda ake buga kati da yawa a babban falle ɗaya, launi bayan launi, sannan a yanka. Ya ce ƙurar sukarin cingam takan cika masa gashi, har karnukan unguwa su riƙa bin sa in ya tashi aiki. Ya nuna mana ɗan yatsansa da wuƙa ta rage wa tsawo. Ina rubutu hannuna har ciwo yake. Amma na lura da wani abu: in zai ba da amsa, Alasan yake kallo. Ya sa masa suna Al. Ni kuwa har muka yi zuwa uku "abokinka ɗalibi" yake ce mini. Tun daga nan abin ya fara yi mini ciwo.

A zuwa na huɗu muka tarar da kwalaye a falo. Ya ce 'yarsa za ta ɗauke shi ya koma wurinta a wata jiha, matakala ta fi ƙarfinsa. Ya sa Alasan ya jawo wani akwatin kwali mai faɗi daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, na matso na leƙa. Manyan fallaye ne da ba a yanka ba. Ga gwajin launi na gaskiya, kowane launi a fallensa. Ga takardun umarnin aiki da sa hannun shugabannin sashe. A can ƙasa kuma ga littafinsa na aljihu guda biyar, inda ya rubuta yadda yake haɗa kowace tawada, da sunayen abokan aikinsa, da ranakun da inji ya lalace da abin da ya lalata shi. Digirina ne kwance a cikin akwatin nan, har da saura.

Tsohon ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, ya ce, "Ɗauka. Naka ne."

Zuciyata ta ce na gode. Bakina kuwa ya faɗi abin da uwata ta koya masa: "A'a, a'a, wannan ya yi yawa. Ba zan iya karɓa ba. Ai na iyalinka ne."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san yadda maganar ke tafiya. Zai ce haba, karɓi mana. In sake ƙi, amma da sanyin murya. A na uku ya ɗora mini a cinya ya haɗa ni da Allah, ni kuma in sa hannu biyu in karɓa ina zuba addu'a. Har na gyara zama ina jiran na biyu.

Mista Dominik ya ɗaga kafaɗa. "To, na gane. Ɗakin ɗalibi ba wuri." Ya juya. "Kai fa, Al? In ba haka ba shara za a kai."

"Ina so," in ji Alasan. "Na gode, Baba." Ya rungumi akwatin.

Abin duka bai kai minti ɗaya ba.

A jirgin fito muna dawowa, akwatin na kan cinyarsa, ya riƙa kallona yana ƙyalƙyala dariya. "Ei, Furofesa! Nan ƙasar ba a cewa no sai in no ɗin ake nufi. Kana jira a roƙe ka? Wa ke da time?" Ya buga murfin da tafin hannu. "Ga shi nan dai, gida ɗaya muke. Ka buɗe duk sanda ka ga dama."

Da bai yi dariyar nan ba, wataƙila da labarin ya ƙare a nan. Amma ya yi, a gaban mutane, kuma gaskiya ya faɗa. Na juya ina kallon ruwa na ce, "Kai aka ba, Yaya. Ni na riga na sami abin da nake bukata."

Akwatin ya zauna a kan kabad ɗin falo. Da safe in gan shi, da yamma in gan shi. Mista Dominik ya kira Misis Rut don yin sallama, ya faɗa mata inda kayan suke, ita kuma ta kira Alasan. Ba ni ba, Alasan. Aka shirya ɗan zama a laburare, aka shimfiɗa fallayen a dogon tebur, aka rubuta sunansa a farar takarda a matsayin mai kayan. Ya sa babbar riga, ya fesa turare. Yana nuna gwajin launi yana cewa, "Wannan kati ne da ya lalace, ba su gama fenti ba," mutane na ta dariya suna ɗaukar sa hoto. Ni da na san sunan kowane abu a teburin nan, na san dalilin kowane ɗigo, ina tsaye a bayan ɗaki riƙe da rigunan sanyin mutane. Malamata ta matso kusa da ni ta ce, "Abokin nan naka taska ne. Ka zauna da akwatin nan, aikinka duka yana ciki." Na ce to.

Ban zauna ba. Hassada nake yi, ba wani suna da zan sa mata. In ya yi dariya a waya sai in ce da ni yake. In ya dafa wake da shinkafa ya zuba mini sai in ce na ƙoshi, in fita in sayi burodi. A masallaci aka fara ce masa "mai kayan tarihi," ni kuma da na ƙetare teku saboda tarihin ba wanda ya tuna. Sau biyu yana sauko da akwatin ya ajiye a gabana. "Furofesa, lokaci na tafiya fa." Sau biyu ina cewa aiki ya yi mini yawa. A raina ina cewa, wato sai dai in ci albarkacin mai tura keken asibiti? In rubuta a shafin godiya cewa da izininsa na duba? Allah ya yafe mini, haka na riƙa tunani game da mutumin da nake sanye da rigarsa.

Sau ɗaya na buɗe akwatin, wata ranar Talata da hantsi Alasan yana wurin aiki. Ƙamshin tsohuwar tawada ya bugo ni, irin na shagon Baba sak, sai ga hawaye. Na karanta shafi biyu na littafin aljihun. Ina shirin ɗaukar hoto da waya na ji motsi a matakala, na mayar da komai da sauri kamar ɓarawo. Ashe maƙwabciya ce. Ban sake taɓawa ba.

Saura mako biyar kwamiti ya zauna, na dawo da la'asar na tarar da shi a bakin ƙofa, akwatin a kafaɗa.

"Ina zuwa da shi, Yaya?"

"Besmen. Zan sa a kejin kayanmu."

Besmen shi ne ɗakin da ke ƙarƙashin ginin, inda injinan wanki suke, kowane gida kuma yana da ɗan kejin ajiya. Na san wurin sarai. Mai kula da ginin ya taɓa nuna mini wani layi a bango, daidai gwiwata, ya ce nan ruwa ya tsaya a babban ruwan sama na baya, kada in kuskura in ajiye littafi a ƙasa. Alasan ba ya wanki a can, a wurin aiki yake yi. Kuma na san abin da bai sani ba: takarda mai sheƙi in ta jiƙa ta manne da 'yar'uwarta, ba mai raba su. Kalma uku ta isa. Kada ka kai. Har na buɗe baki.

Na ce, "To."

Ba zan ce na so kayan su hallaka ba. Abin da na so shi ne gefe ɗaya ya ɗan yi laima, Misis Rut ta gani ta ɓata rai, ta tambaye shi wa ya ce ya kai takarda ƙarƙashin ƙasa. A san wa ya san takarda, wa kuma ya tsinta. Na ce a raina mako mai zuwa zan sauka in ɗora shi a sama. Mako ya zo ya wuce.

Ranar da ruwan ya zo ina laburare. Da azahar gari ya yi duhu, wayoyin mutane suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya, gargaɗin ambaliya. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na kira Alasan, bai ɗauka ba, yana aiki. Jiragen ƙasa suka tsaya. Na hau bas, bas ta maƙale, na sauka na taka da ƙafa, ruwa har ƙauri. Ban isa gida ba sai gab da magariba.

Akwatin na kan teburin kicin, ya saki kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Alasan na tsaye a kansa da kayan aikinsa a jiƙe har ƙugu. Ya aro na'urar busar da gashi wurin maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, yana hura wa fallayen iska mai zafi, yana ƙoƙarin ɓanɓare su da wuƙar yanka albasa. Duk wanda ya ja sai fuskar ɗan wasa ta biyo bayan wani fallen. Na ƙwace na'urar na kashe. Na ɗauki littafin aljihu ɗaya na buɗe. Tawadar ta narke, shafukan sun zama shuɗi fes, ba harafi ko ɗaya.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da firij. Ban taɓa ganin sa ba dariya a fuska ba sai ranar.

"Na kashe maka karatu, ƙanena," ya ce. "Wallahi don kai na karɓa. Me zan yi da kati, ni? Na ga an ce shara, na ce bari in riƙe maka. To sai na ga kullum in ka shigo ka kalli akwatin nan fuskarka ta canza, abinci ma ka daina ci. Na ce dariyar da na yi maka a feri ce ta yi maka zafi. Bari in ɗauke shi daga idonka kwana biyu, in ka huce ka tambaya da kanka." Ya share fuska da gefen riga. "Kai ka san takarda. Da na tambaye ka ko wurin yana da kyau. Ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Maganar tana bakina. Na sani, Yaya, na ga layin ruwan, na yi shiru. Na dube shi zaune a ƙasa, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Na ce, "Ba komai, Yaya. Ƙaddara ce. Na yafe."

Misis Rut ta sa muka saka kayan a firiza don kada su ruɓe, muka kai mata a daskare, masu gyaran takarda suka ceto falle huɗu. Littattafan aljihun ba su dawo ba. Na kira gidan 'yar Mista Dominik, ta ce jikinsa ya yi nauyi, ba ya iya doguwar magana. Kwamiti ya zauna, ya yaba da ƙoƙarina cikin ladabi, bai sabunta ba.

Juma'ar ƙarshe kafin in taso gida, bayan an idar da salla, Alasan ya miƙe ya nemi jama'a su ɗan dakata. Ya kama hannuna ya ɗaga. Ya ba su labarin akwatin tun daga farko, bai rage wa kansa laifi ko kaɗan ba. Sannan ya ce, "Na lalata wa yaron nan abin da ya baro iyayensa dominsa, ko tsaki bai yi mini ba. Shekarata goma sha biyu a ƙasar nan, ban ga mai tsarkin zuciya irinsa ba. Ku sa masa albarka."

Liman ya ɗaga hannu, sahu duka suka ɗaga. Aka roƙi Allah ya saka mini da abin da ke cikin zuciyata. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da su.